Ɗaukewar Allon Kwamfuta: Asalinta da Yadda Ake Hana Ta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san cewa idan aka bar ta na ɗan lokaci ba a taɓa ta ba, sai a ga allonta ya yi baƙi ƙirin kamar an kashe ta, alhali injin yana nan yana aiki. Da zarar an latsa wani maɓalli sai rubutun ya dawo yadda aka bar shi. A mafi yawan lokuta wannan ba ya cutar da kowa. To amma akwai wuraren da ɗaukewar allon ke jawo asara, musamman ga kwamfutar da aka ajiye domin ta riƙa nuna wani abu ba dare ba rana, ko wadda ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wato wadda marubutan fasahar sadarwa a jaridun Hausa ke kira uwar garke. Wannan maƙala za ta yi bayanin inda ɗabi'ar ta samo asali da yadda ake hana ta, tare da mai da hankali kan babbar manhajar Linux da baƙin allonta na umarni. Kuma da yake masu karatunmu ɗaliban harshe ne, sai mun fara tsayawa a kan sunan abin kafin mu taɓa maɓalli.

Me Za Mu Kira Shi?

Kalmar allo, kamar yadda aka sani, ararriya ce daga Larabci, kuma ta shigo da harafinta na ma'arifa manne a jikinta, kamar alƙalami da alkama. Ta tashi daga allon katako na makarantar allo, ta hau bangon aji, yau ga ta a fuskar kwamfuta da ta waya. Babu gardama a kanta. Inda gizo ke saƙar shi ne aikatau ɗin da zai bayyana abin da allon ke yi.

Idan aka saurari masu shagunan buga takardu a Kontagora ko Minna, za a ji wani ya ce allon ya mutu, wani ya ce ya yi barci, wani kuma ya ce ya ɗauke. Ni dai a ganina "mutu" bai dace ba, domin mai jin maganar zai ɗauka na'urar ta lalace ko an yanke mata wuta. "Barci" kuwa ya riga ya sami gurbinsa: ana amfani da shi ga yanayin da ilahirin kwamfutar ke tsayar da aiki, fanka ta yi shiru, komai ya tsaya sai ɗan abin da ke riƙe da ƙwaƙwalwarta. "Dushe" ya fi dacewa da raguwar haske kafin ya tafi gaba ɗaya. Saura "ɗauke", wadda ke cikin aji na huɗu a tsarin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, ajin da ke nuna aiki ya game abu duka bai bar saura ba. Bahaushe na cewa ruwa ya ɗauke, numfashi ya ɗauke, wuta ta ɗauke, kuma a dukkan misalan nan akwai sa ran abin zai iya dawowa. Wannan ce ma'anar da muke nema. Illarta ɗaya: a ƙasar da har gobe ake cewa "NEPA sun ɗauke", duk da cewa an canza wa hukumar suna zuwa PHCN tun 2005 kuma an sayar da sassanta a 2013, idan ka ce allo ya ɗauke sai wani ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarki. Duk da haka da ita za mu tafi.

Abubuwa uku ne ke nan da ya kamata mai karatu ya rarrabe: ɗaukewar allo, barcin kwamfuta, da kulle allo, wato inda sai an shigar da kalmar sirri kafin a ci gaba. Kowanne da maganinsa, kuma yawancin wahalar da mutane ke sha tana zuwa ne daga shan maganin wani ciwo a kan wani.

Sai kalma ta biyu, konsol. Kafin zuwan hotuna da linzami, ana magana da kwamfuta ne ta hanyar rubuta mata umarni layi bayan layi. A zamanin da aka ƙirƙiro manhajar Unix a 1969, na'urar da ake yin wannan da ita keken rubutu ce mai buga amsa a kan takarda, ana kiranta teletaif. Daga baya aka sami masu allo, irin su VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, ta gaji wannan tsari, har ma sunayen allunan umarninta tty1, tty2 zuwa tty6 gutsure ne na sunan waccan tsohuwar na'ura. A kwamfutar da ke da Linux, idan aka danne Ctrl da Alt tare da F3, sai hotuna su ɓace a ga baƙin allo da farin rubutu yana neman suna. Shi ne konsol, mu kuma za mu riƙa kiran sa allon umarni.

Dalilin Da Ya Sa Allo Ke Ɗaukewa

Tsofaffin allunan kwamfuta masu ƙeya, irin talabijin ɗin da, suna aiki ne ta hanyar harba ƙwayoyin lantarki daga baya zuwa cikin gilashi, wanda aka shafe da wani sinadari mai suna fosfo da ke haskawa idan an buge shi. Idan rubutu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, sinadarin wurin sai ya gaji ya ƙone, inuwar rubutun ta zauna daram ko da an kashe na'urar. Waɗanda suka ga tsofaffin allunan bankuna da na filayen jirgin sama sun san wannan tabo. Mafi sauƙin rigakafi shi ne a share allon idan ba mai kallo. A watan Disamba na 1983 mujallar Softalk ta Amurka ta buga wata 'yar manhaja ta John Socha wadda ke mai da allon kwamfutar IBM baƙi bayan 'yan mintoci. Daga baya aka mai da abin ado, inda manhajar After Dark da ta fito a 1989 ta yi suna da hotunanta masu yawo.

Dalili na biyu ya zo ne daga wajen wuta. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da shirin Energy Star domin rage wutar da kayan ofis ke sha, sannan a 1993 ƙungiyar masu ƙera alluna ta VESA ta fitar da ƙa'idar DPMS. Ƙa'idar ta tanadi matakai huɗu: a kunne, a shirye, a dakace, a kashe. Kwamfuta kan sanar da allo matakin da zai shiga ta hanyar yanke ɗaya ko duka biyu daga siginonin da ke daidaita hoto. Tun daga nan ɗaukewar allo ta kasu biyu. Akwai wadda fenti ne kawai, an shafe rubutu da baƙi amma na'urar na shan wutarta, akwai kuma ta gaske wadda na'urar ke kashe kanta.

Linux ta daɗe tana ɗauke allon umarni bayan minti 10, wato daƙiƙa 600, ba tare da an tambaye ta ba. Sai a ƙwayar manhajar mai lamba 4.12, wadda ta fito a watan Yuli na 2017, aka soke wannan, aka bar allon a kunne sai in mai kwamfuta ne ya nemi akasin haka. Hujjar masu gyaran ita ce allunan zamani masu faɗi ba sa ƙonewa irin ta masu ƙeya, ɗaukewar ba kullum take rage shan wuta ba, sannan tana ɓoye saƙon ƙarshe da injin ke rubutawa idan ya faɗi.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar. A ɗauka akwai cibiyar koyar da kwamfuta a Kontagora mai uwar garke guda da ke riƙe da tambayoyin gwaji, irin wadda ɗalibai daga garuruwa kamar Beri ke zuwa domin koyon hannu, tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Da tsakar dare injin ya sandare. Kafin ya sandare ya rubuta dalilinsa a allon umarni, ko ma'adana ce ta gaza, ko zafi ne ya yi yawa. Da safe mai kula ya zo ya tarar da baƙin allo, ya latsa maɓalli, shiru, domin injin da ya sandare ba ya jin maɓalli. Ba shi da zaɓi sai ya kashe ya kunna, bayanin kuma ya tafi ke nan, domin sau da yawa injin bai samu damar adana shi a ma'adana ba. Gobe ma ciwon zai dawo, likita bai ga majinyaci a lokacin da yake nishi ba.

Mai karatu zai iya cewa, ai tun 2017 an gyara. Haka ne, amma mu a nan kasuwar kwamfutocin gwanjo ce ke ciyar da mu, kuma wanda ya ɗora manhaja ta zauna lafiya ba ya son taɓa ta. CentOS 7 tana tafiya ne da ƙwaya 3.10, Ubuntu 16.04 ta zo da 4.4, Debian 9 kuwa da 4.9, dukkansu sun girmi gyaran. Umarnin da ke nuna lambar ƙwayar da ke cikin injinka shi ne:

uname -r

Yadda Ake Hanawa

Kafin a yi magani sai a auna. A rubuta wannan a allon umarni:

cat /sys/module/kernel/parameters/consoleblank

Lambar da ta fito daƙiƙoƙi ne. In 600 ce, allon zai ɗauke bayan minti goma. In sifili ce, to ƙwayar ba ta da laifi, sai a nemi ɓarawon a wani wuri, kuma za mu zo kansa.

Hanya mafi sauri ita ce manhajar setterm, wadda ke zuwa cikin kusan kowace Linux:

setterm --blank 0 --powerdown 0

Kashi na farko ya hana shafe allon, na biyu ya hana a tura shi matakin kashewa. Tsofaffin nau'o'in manhajar suna amfani da karan ɗori ɗaya a gaban kalmar maimakon biyu. A lura cewa setterm da mintoci take lissafi, daga 0 zuwa 60, saɓanin fayil ɗin da muka duba a sama mai lissafi da daƙiƙa. Wanda ya rubuta 5 ya nemi minti biyar ke nan, in ya sake dubawa zai ga 300.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, umarnin yana aiki ne a ainihin allon umarni, ba a cikin tagar umarni da ake buɗewa a tsakiyar hotuna ba, ba kuma ga wanda ya shigo injin daga nesa ta hanyar SSH ba. Dalili shi ne setterm ba ta gyara wani fayil, wasu ɓoyayyun haruffa kawai take furtawa, kuma sai allon da ya ji su ne zai yi biyayya. Wanda ke nesa sai ya shiga a matsayin babban mai iko, wato root, ya karkata furucin zuwa inda ake buƙata:

TERM=linux setterm --blank 0 > /dev/tty1

Tarko na biyu shi ne mantuwa. Da zarar an kashe injin an kunna, komai ya koma gidan jiya. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da dama a yini, wannan magani bai wuce shan ruwa da cokali ba.

Maganin dindindin shi ne a gaya wa ƙwayar tun tana tashi. Yawancin injina suna tashi ne ta hannun wata manhaja mai suna GRUB. Sai a buɗe fayil ɗin /etc/default/grub da ikon root, a nemi layin da ya fara da GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT ko GRUB_CMDLINE_LINUX, a ƙara consoleblank=0 a cikin alamun zancen wani, a bar tazara tsakaninta da abin da aka tarar. Bayan an adana, masu Debian da Ubuntu sai su rubuta:

sudo update-grub

Masu CentOS da danginta kuwa grub2-mkconfig suke amfani da shi wajen sake gina fayil ɗin tashi. Daga nan sai a sake kunna injin a duba lambar nan ta farko, in ta nuna sifili an gama. Ina jan kunnen mai karatu da ya kwafi fayil ɗin ya ajiye kafin ya taɓa shi, kuma kada ya goge komai a layin. Alamar zance ɗaya da ta ɓace tana iya hana umarnin sabuntawa tafiya, kuskure a cikin kalmomin layin kuma yana iya hana injin tashi daidai.

A wasu tsofaffin nau'o'in Debian akwai fayil mai suna /etc/kbd/config, wanda ke ɗauke da BLANK_TIME da POWERDOWN_TIME. Yakan zo bayan ƙwaya ta gama tashi ya sake ɗora nasa lokacin, don haka in an yi gyaran GRUB allon bai daina ba, sai a mai da waɗannan biyun sifili. Ita kuwa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fito a Ingila a 2012 kuma ake yawan liƙa ta bayan talabijin domin nuna sanarwa, ba ta amfani da GRUB. Kalmar consoleblank=0 ana ƙara ta ne a ƙarshen layin da ke cikin cmdline.txt, wanda ke /boot a da, ya koma /boot/firmware daga fitowar 2023. Fayil ɗin layi ɗaya ne tak, kada a sauko layi na biyu.

Idan Ba Allon Umarni Ba Ne

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin baƙin allon ba, a cikin hotuna muke aikin kundin digiri. A nan mai ɗauke allon daban ne. Ga masu tsarin hotuna na X, umarni biyu ne, xset s off da xset -dpms, sannan xset q yana nuna halin da ake ciki. Ga masu GNOME, wadda ke ɗauke allo bayan minti 5, ana shiga wajen saita wuta a zaɓi kada ya ɗauke, ko a rubuta:

gsettings set org.gnome.desktop.session idle-delay 0

Masu Windows su ma suna da nasu a wajen saita wuta da barci, ko ta umarnin powercfg /change monitor-timeout-ac 0 domin lokacin da injin ke jone da wuta. In aka sauya ac da dc, ana maganar lokacin da yake kan batir ke nan. Wanda kuma ya mai da tsohuwar laftof uwar garke, ya ga tana barci da ya rufe murfinta, wannan ba ɗaukewar allo ba ce. Maganinta yana cikin /etc/systemd/logind.conf, inda ake mai da HandleLidSwitch ya zama ignore.

Shin Ya Dace A Hana?

A nan ne nake ganin bai kamata mu kwafi shawarar mutanen Turai da Amurka ido rufe ba. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Shiroro ta 1990, ga ta Zungeru mai megawat 700, har ana yi mata kirari da jihar wutar lantarki. Amma mai shago a Beri ya san cewa abin dogaronsa janareta ne ko faifan sola da batir. A yi lissafi mai sauƙi. Allo mai shan wat 25, idan ya kwana ya yini a kunne, ya sha wat-awa 600. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, kuma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Ke nan allo guda da ba mai kallo zai iya cinye duk rabon da batirin ke iya bayarwa. Idan mai ƙeya ne kuwa, abin ya ninka haka.

Saboda haka ga uwar garken da ke kan batir, dabarar da ta fi ita ce a hana manhaja ɗauke allon, sannan mutum ya kashe allon da hannunsa ta maɓallin jikinsa. Injin zai ci gaba da turo hoto, in ya sandare da dare rubutunsa na ƙarshe na nan, da safe sai a kunna allon a karanta, ko a ɗauki hotonsa da waya a tura wa mai gyara. An tsira da wuta, an tsira da bayani. Ga laftof ɗin ɗalibi kuwa, wadda allonta na cikin abubuwan da suka fi cin batir, ban ga dalilin hanawa ba sai lokacin gabatar da takarda a gaban malamai, inda ɗaukewar majigi a tsakiyar bayani ke tsinka wa mutum tunani. A ranar sai a hana, in an gama a mayar.

Wanda yake son sanin ko ɗaukewar allonsa ta gaske ce ko ta fenti, ya jira dare ya kashe fitilar ɗaki. In baƙin allon yana fitar da wani haske mai toka-toka, fitilar bayansa na kunne, wuta na tafiya a banza. A irin wannan hali ana iya gwada setterm --powersave powerdown domin a tura shi ga kashewa ta gaske, ko da yake ba kowane inji ke amsawa ba. Sannan tsohon ciwon tabo bai mutu ba: allunan OLED da ke jikin wayoyi masu tsada da wasu sababbin laftof suna yin tabo idan hoto ɗaya ya daɗe, don haka su kam a bar su su riƙa ɗaukewa.

Akwai kuma batun sirri. A tsarin hotuna, ɗaukewar allo ce ke jawo kullewa, in aka hana ta farko ta biyu ma ba za ta zo da kanta ba. A ofishin da ake ajiye sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya, wanda ya hana allo ɗaukewa sai ya saba da kulle shi da hannu duk lokacin da zai tashi. Shi allon umarni ma ɗaukewarsa ba ta taɓa zama kulle ba, duk wanda ya taɓa maɓalli zai tarar da ƙofa a buɗe da sunan wanda ya shiga, don haka a rubuta exit kafin a bar wurin.

Idan kuma aka tarar da allo a ɗauke ana son tayar da shi, a guji Enter da dogon maɓallin tazara. Mai yiwuwa a bayan duhun akwai tambaya tana jiran amsa, misali ko a goge wani abu ko a sake kunna injin, kuma a wasu tsare-tsaren latsawar da ta tayar da allon tana iya wucewa ta zama amsa. A latsa Shift ko Ctrl, domin su kaɗai ba sa rubuta komai.